Nazarin Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Duniya: Asalinsa, Darussansa da Amfaninsa Gare Mu

Gabatarwa



Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne wani fanni na ilmi wanda jami'o'i da dama ke ba da digiri na biyu da na uku a cikinsa, watau nazarin lafiyar ƙwaƙwalwa a duniya baki ɗaya. Na san wani zai ce a ransa, ina ruwan mai karatun tarihi ko tsimi da tanadi, ko kuwa akawun baitulmali, da maganar taɓin hankali? To, kowa ya tuna da gidansu. Da wuya a sami zuri'a a cikinmu wadda ba ta taɓa samun wanda aka ce ya taɓu ba, ko mai jegon da ta daina ci ta daina magana har aka ce iska ce, ko saurayin da ƙwaya ta juya wa kai. Yawancin irin waɗannan bayin Allah ba su taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa ba, kuma in aka bi lissafi ba za su gan shi ba, domin likitocin ba su isa ba.

Wannan ƙaranci shi ne tushen fannin da za mu tattauna. Likitan ƙwaƙwalwa yakan koyi yadda zai duba majiyyacin da ke zaune a gabansa. Shi kuwa mai wannan nazari, hankalinsa yana kan dubban da ba su iso asibiti ba, tambayarsa kuma guda ɗaya ce: in marasa lafiya sun yi yawa, gwanaye sun yi kaɗan, kuɗin kuma ba su taka kara sun karya ba, ta wace hanya magani zai kai ga jama'a? Zan nuna cewa ɗaya daga cikin amsoshin farko da aka ba wannan tambaya a nan Nijeriya aka ba da ita. Sa'an nan in bayyana abin da ake koyarwa a kwas ɗin, da sukar da ake yi masa, da abin da ya kamata mai niyyar shiga ya sani.

Girman al'amarin

Cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 970 ke fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, watau mutum 1 cikin 8 na al'ummar duniya. Mafi yawansu ciwon damuwa ne da na fargaba ke damunsu, irin waɗanda mai su yakan fita kasuwa ya dawo ba wanda ya lura. Fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara. Duk da haka, in aka ɗauki tsaka-tsakin ƙasashe, abin da gwamnatoci ke ware wa wannan fanni bai wuce kashi 2 cikin 100 na kasafin kuɗin lafiya ba. Ƙididdigar hukumar ta 2020 kuma ta nuna cewa a Afirka, ga kowane mutum 100,000, ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa ba su kai 2 ba, alhali kuwa a Turai sun haura 40.

A nan gida, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani babban bincike wanda aka buga sakamakonsa na farko a 2006. An bi gida gida a ƙasar Yarbawa, aka yi hira da mutum kusan 5,000. Aka tarar kimanin 12 cikin 100 sun taɓa fama da wata larura a rayuwarsu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, cikin waɗanda ciwon ya yi wa tsanani har ya hana su harkokinsu, 8 cikin 100 ne kaɗai suka sami wani magani a shekarar da ta gabaci hirar. Wannan tazara tsakanin masu bukata da masu samu ita masana ke kira giɓin magani.

A Arewa, asibitocin ƙwaƙwalwa da kowa ya sani su ne na Barnawa a Kaduna, da na Dawanau a Kano, da na Kware kusa da Sakkwato, da na Maiduguri, sai kuma sassan da ke manyan asibitoci. Mutumin da ke ƙauye mai nisan tafiyar yini daga waɗannan wurare, in ɗansa ya fara duka da fashe-fashe, ina zai nufa? Mun ga wani ɓangare na amsar cikin watan Satumba na 2019, sa'ad da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da dama cikinsu da mari a ƙafa. Iyaye da dangi ne suka kai yawancinsu da hannunsu, wasu don shaye-shaye, wasu don kangara, wasu don taɓin hankali. Saurin zargin iyayen nan ba zai kai mu ko'ina ba. Gidan mari yana cika ne a inda babu wata ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Yadda abin ya faro

A zamanin mulkin Turawa, abin da hukuma ta sani game da mahaukaci shi ne a tsare shi don kada ya dami jama'a. An buɗe gidan mahaukata a Kalaba cikin 1904, da wani a Yaba ta Ikko cikin 1907, aka kuma kafa dokar mahaukata a 1916. A wurare da yawa gidan yari ne masaukin wanda ya taɓu, ko da bai yi laifin kome ba. Akwai kuma ra'ayin da ya daure wa wannan hali gindi. Wani likita Bature mai suna Carothers, wanda ya yi aiki a Kenya, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi a 1953, inda ya yi da'awar cewa tunanin baƙar fata ya sha bamban da na Bature tun daga tushe, kuma wai ciwon damuwa mai tsanani bai cika kama ɗan Afirka ba. In an yarda da wannan, ai babu dalilin kashe kuɗi a kan maganin ciwon da aka ce babu shi.

Cikin wannan yanayi ne Dokta Thomas Adeoye Lambo ya dawo gida. Haifaffen Abekuta ne, an haife shi a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware a fannin ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley na Landan. A 1954 aka ba shi riƙon sabon asibitin Aro kusa da Abekuta, ginin ma bai gama kammaluwa ba, ma'aikata kuma 'yan ƙalilan ne. Maimakon ya zauna jiran gadaje, sai ya tafi wajen dattawan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya haya a gidajensu. Sharaɗin shi ne kowane majiyyaci ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta yi masa wanki, ta raka shi asibiti da safe a duba shi, da yamma su koma masauki. Masu gida suna karɓar kuɗin haya, ƙauyukan kuma suka sami ruwan famfo da gyaran tsabta. Akwai malaman asibiti a kusa dare da rana. Sababbin magunguna irin su Largactil, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, sun taimaka wajen kwantar da masu tashin hankali. Abin da ya fi ba abokan aikinsa mamaki shi ne Lambo ya jawo wasu masu maganin gargajiya suka yi aiki tare da shi, domin ya lura cewa su majiyyata da danginsu suka fi sakin jiki da su.

Ku dubi abin da ke cikin wannan tsari: dangi sun zama ma'aikatan jinya, gidan haya ya maye gurbin gadon asibiti, majiyyaci bai rabu da rayuwar mutane ba, kuɗin da aka kashe kuma kaɗan ne. A 1961 Lambo ya kira taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abekuta. Ya kuma haɗa gwiwa da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka suka yi bincike a ƙauyukan Yarbawa, wanda aka buga a 1963. Suka tarar cewa irin larurorin da ake gani a wani yanki na karkarar Kanada akwai su a ƙasar Egba, har da damuwar da Carothers ya ce ba ta cika samuwa ba. Daga baya Lambo ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya kuma zama mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya rasu a 2004.

Yadda ya zama fannin digiri

An daɗe ana auna muhimmancin cuta da yawan mutanen da take kashewa. A wannan ma'auni ciwon ƙwaƙwalwa ba ya fitowa, domin yakan gurgunta mutum shekara da shekaru ba tare da an rubuta shi a takardar mutuwa ba. Cikin 1993 Bankin Duniya ya fito da sabon awo wanda ke haɗa shekarun da mutuwar wuri ta yanke da shekarun da mutum ya yi a raye amma ciwo ya nakasa shi. Da Murray da Lopez suka buga cikakken lissafin a 1996, sai aka ga cewa cikin manyan abubuwa 10 da ke nakasa mutane a duniya, 5 na ƙwaƙwalwa ne, ciwon damuwa kuma shi ne kan gaba. Daga nan masu riƙe da kuɗi suka fara saurare.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe rahotonta na shekara ga lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2007 mujallar likitoci ta Lancet ta buga jerin maƙaloli waɗanda suka yi kira a faɗaɗa magani a ƙasashe matalauta, cikin jagororin aikin akwai Vikram Patel, likita ɗan Indiya, da Martin Prince na Landan. A 2008 hukumar ta kafa shirin mhGAP, a 2010 kuma ta fitar da littafin jagora wanda ke nuna wa malamin asibitin da ba gwani ba yadda zai gane manyan larurori ya kuma fara magani. Daga nan jami'o'i suka shigo. A 2012 Kwalejin King's ta Landan, wadda cibiyar da Lambo ya yi karatu take ƙarƙashinta a yau, ta haɗu da Makarantar Tsabta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan suka buɗe kwas na digiri na biyu na shekara ɗaya. Jami'o'in Glasgow da Edinburgh su ma suna da nasu. A Afirka ta Kudu, jami'o'in Cape Town da Stellenbosch sun haɗu sun kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar al'umma mai ba da digiri na biyu. A Ibadan kuma Farfesa Olayinka Omigbodun ta jagoranci kafa cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, wadda ta yaye ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama.

Abin da ake koyarwa

Tsarin darussa ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma ana iya tattara su gida huɗu.

Na farko shi ne ƙidaya da gwaji. Ɗalibi zai koyi yadda ake zaɓen gidajen da za a yi wa tambaya don su wakilci gari duka, da yadda ake bambance abin da ya haddasa ciwo da abin da kawai ya zo tare da shi. Alal misali, an san talauci da damuwa suna tafiya tare, amma wanne ke jawo wanne? Bincike ya nuna kowanne na iya haifar da ɗan'uwansa, saboda haka mai tsara shiri dole ya dubi ɓangarorin biyu. Zai kuma koyi gwaji ta hanyar ƙuri'a, watau a raba asibitoci ko unguwanni gida biyu ba tare da son rai ba, a gwada sabuwar hanya a rukuni ɗaya, a bar ɗayan a kan yadda aka saba, bayan wata shida ko shekara a auna. Wanda bai iya wannan ba, duk wanda ya zo masa da shiri mai daɗin baki zai karɓa.

Na biyu shi ne rabon aiki, wanda shi ne zuciyar fannin. Ma'anarsa a ɗauki wani yanki na aikin gwani, a sauƙaƙa shi, a koya wa wanda ba gwani ba, gwanin kuma ya koma mai horarwa da sa ido. A gundumar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya na ƙauye yadda za su tattauna da masu juna biyu da ke fama da damuwa. An gwada da mata 903, aka buga sakamakon a 2008. Wata shida bayan haihuwa, 23 cikin 100 ne ke cikin ciwon a rukunin da aka yi wa sabon tsarin, a ɗaya rukunin kuwa 53 cikin 100. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya sha ba da labarin wata matashiya da yake dubawa, wadda ta kashe kanta a ƙauyensu domin ba su da kuɗin motar da zai kawo ta Harare. Wannan ya sa a 2006 ya fara horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, mai damuwa ya zo ya zauna, su saurare shi, su taimake shi ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda, ya tsara yadda zai tunkare ta. Zama shida ake yi. A gwajin da aka buga a 2016 da mutum 573, bayan wata shida kimanin 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun damuwa, a ɗaya rukunin kuwa wajen rabi. Wanda ya san labarin Aro zai ga dangantakar.

Na uku shi ne harshe da al'ada. Yawancin takardun tambayoyin da ake gane ciwo da su da Turanci aka tsara su, a kan majiyyatan Turai da Amurka. Mu ɗauka an ba ɗayanku irin wannan takarda ya juya ta zuwa Hausa. Kalmar damuwa kaɗai ta ɗauki rashin kuɗin cefane, ta ɗauki kishi, ta kuma ɗauki ciwon da ke sa mutum ya ji gara mutuwa. Ga ɓacin rai, ga baƙin ciki, ga ƙunci, kowanne da gurbinsa. Mai ciwon kuma sau da yawa ba zai ambaci ko ɗaya ba. Zai ce kansa na zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko barci ya ƙaurace masa, malamin asibiti ya ba shi maganin zazzaɓi ya sallame shi. Tun a 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a Aro, ya bayyana wata larura a tsakanin ɗaliban Nijeriya: zafi ko nauyi a ka da wuya, idanu su yi dishi-dishi, a karanta shafi a kasa riƙe kome. Na tabbata akwai waɗanda suka gane wannan a cikin zauren nan. A Zimbabuwe sai da aka tsara takardar tambayoyi 14 daga kalmomin da Shonawa da kansu ke amfani da su, babbar cikinsu ita ce kufungisisa, watau yawan tunani. Irin wannan aiki a Hausa, wanda ya tashi cikin harshen ne zai yi shi da kyau.

A ƙarƙashin wannan darasi ne maganar malamai da masu maganin gargajiya take shigowa. Kowa ya san cewa a ƙasar Hausa, kafin a kai mutum asibiti an riga an yi rubutu, an yi ruƙiya, an yi hayaƙi, wani wurin ma an nemi 'yan bori. Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa masu maganin gargajiya da na addu'a da ma'aikatan ƙananan asibitoci a Ibadan da Kumasi, a kan masu babban taɓin hankali fiye da 300. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi. Amma wani gwajin da aka yi a wani sansanin addu'a a Gana, aka buga a 2018, ya ƙara mana hankali: maganin asibiti ya rage ciwon, amma bai rage kwanakin da majiyyata suka yi cikin sarƙa ba. Ashe ƙwayar magani ita kaɗai ba ta kwance mari.

Wannan ya kawo mu gida na huɗu, watau doka da kuɗi da tsarin mulki, inda ma'aikacin gwamnati ya fi kowa amfani. Tun 1991 Nijeriya ta amince a takarda cewa lafiyar ƙwaƙwalwa tana cikin ayyukan kiwon lafiya matakin farko, amma dokar da ke aiki ta ci gaba da zama dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta 1916. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ta tanadi haƙƙin majiyyaci, da sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da asusun kuɗi. Gana ta riga mu, ta yi tata a 2012. To, doka ba ta tafiya da ƙafarta. Sai an sami wanda zai lissafa nawa za a kashe a horar da malaman asibiti na ƙaramar hukuma guda, wanda zai tabbatar maganin farfaɗiya da na taɓin hankali bai yanke a kantin asibiti ba, da wanda zai kare wannan a gaban masu kasafi. Irin hujjar da ake koya wa ɗalibi ya riƙe ita ce ta binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a 2016, wanda ya ƙiyasta cewa kowace dala 1 da aka kashe wajen maganin damuwa da fargaba tana dawo da dala 4 ta fuskar lafiya da iya aiki.

Sukar da ake yi wa fannin

Ba zan yi muku adalci ba in na ɓoye cewa akwai masana da ba su gamsu da wannan tafiya ba. Dokta Derek Summerfield, likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, yana cikin waɗanda suka fi tsananta suka. Hujjarsu ita ce, sunayen cututtukan nan a Turai da Amurka aka yanka su, babu kuma gwajin jini ko hoton da ke tabbatar da yawancinsu, saboda haka ɗaukar su a kai kowace ƙasa wani sabon salon mallaka ne. Suna kuma cewa matar da aka kashe mijinta aka kore ta daga gonarta, baƙin cikinta ba cuta ba ce, kuma in aka ba ta ƙwaya aka bar ta a sansanin gudun hijira, an mai da zalunci ciwo ke nan.

A ganina akwai gaskiya a wannan magana, kuma mu da muka ga abin da rikici ya yi a Arewa maso Gabas da Zamfara bai kamata mu yi watsi da ita ba. Haka kuma gaskiya ne cewa yawancin kuɗin bincike da manyan mujallu suna hannun ƙasashen Arewacin duniya. Amma in aka bi sukar har ƙarshenta, aka ce ɗan Afirka ba ya bukatar wannan magani, sai mu tarar mun koma gidan Carothers ta ƙofar baya. Saurayin da ke jin muryoyi, aka ɗaure shi a turke shekara uku, ciwonsa na gaske ne, akwai kuma magani mai araha da zai iya mai da shi gona. Abin da sukar ke bukata daga gare mu shi ne mu shiga fannin da kanmu, mu zama masu tsara tambayar, kada mu tsaya a matsayin masu tara wa wasu amsa.

Ga mai niyyar shiga

Da farko, a sani cewa wannan digiri ba ya mai da mutum likita, ba ya kuma ba shi izinin rubuta magani. Horo ne na bincike da tsara ayyuka. Saboda haka ƙofarsa a buɗe take ga likita da nas da mai ilmin halayyar ɗan Adam, haka kuma ga wanda ya karanta ilmin zaman jama'a ko shari'a ko tsimi da tanadi, muddin digirinsa na farko ya yi kyau kuma ya nuna ya taɓa aikin da ya shafi fannin. Wanda ke gudun lissafi ya fara sasantawa da shi tun yanzu, domin ƙididdiga ba ta da makawa.

Na biyu, kuɗin makarantun Ingila sun fi ƙarfin albashin ma'aikaci, sai dai a nemi tallafi irin na Commonwealth ko Chevening. Tallafin Chevening yana da sharaɗin mutum ya koma ƙasarsa na aƙalla shekara 2 bayan ya gama. Kada kuma a raina na kusa. Wanda ya yi karatunsa a Ibadan ko Cape Town yana koyo ne a cikin irin yanayin da zai yi aiki.

Na uku, wanda shi ne mafi muhimmanci, ka tafi da tambayarka. Kowane ɗalibi zai rubuta kundin bincike a ƙarshe, wanda kuma ya je hannu rabbana, tambayar malaminsa zai ɗauka. Tambayoyi kuwa ga su nan birjik a ƙofar gidanmu. Ungozoma za ta iya gane mai jegon da damuwa ta kama kafin a yi suna? Wace yarjejeniya za a ƙulla da malamin da ake kai wa masu taɓin hankali, har ya yarda ya aiko da wanda ya fi ƙarfinsa, ya kuma ajiye sarƙa? Me ke sa mutum ya daina shan magani bayan wata biyu, tsada ce, ko nisa, ko nauyin jikin da maganin ke sawa, ko kunyar a gan shi a layi? Duk wanda ya amsa ɗaya daga cikin waɗannan da hujja ya yi wa jiharsa aikin da baƙo ba zai yi mata ba.

Kammalawa

Jama'a, Lambo ya fara aikinsa da asibitin da ba a gama ginawa ba, da ma'aikata 'yan kaɗan, da dattawan ƙauye waɗanda suka yarda suka buɗe ɗakunansu. Abin da aka ƙara a kan nasa cikin shekaru 70 da suka biyo baya shi ne hanyoyin aunawa, da hujjojin da aka tara daga Rawalpindi da Harare da Ibadan da Kumasi, da doka. Waɗannan su ake zuwa jami'a a koyo. Ga ɗaliban da ke nan, ina fatan wasunku za su nemi wannan karatu su dawo da shi. Ga ma'aikata kuma, ko ba ku koma aji ba, wata rana fayil zai iso teburinku ana neman kuɗin horar da malaman asibiti ko na sayen magani. Ku tuna da ɗakin nan na ƙuryar gida da ba a son baƙo ya leƙa, kafin ku rubuta a ajiye sai baɗi.

 Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.